Asusun Tarayya: Wa Ke Zubawa, Wa Ke Ɗiba, Ina Kuɗin Ke Tsayawa?

 

An ɗora mini magana a kan yadda harajin tarayya da kuɗin da gwamnatin tarayya ke kashewa suke ɗaukar dukiya daga jihohi masu hali su kai wa marasa hali. An kuma roƙe ni in taƙaita. Zan yi iya ƙoƙarina, sai dai ku yi mini uzuri, domin rigimar nan ta girmi 'yancin kan Najeriya, kuma babu gwamnatin da ta zo ta wuce ba ta sha ɗacinta ba.

Bari mu fara da abin da ake yi duk wata, wanda muke jin labarinsa a rediyo amma kaɗan daga cikinmu suka san yadda yake gudana. Kwamishinonin kuɗi na jihohi 36 sukan hallara, galibi a Abuja, tare da ministan kuɗi da Akanta-Janar na Tarayya, a zaman kwamitin nan da ake kira FAAC. Hukumar haraji ta ƙasa da kwastam da masu kula da harkar man fetur kowa ya kawo lissafin abin da ya tara a watan da ya shige. Sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a zuba waɗannan kuɗaɗe wuri guda, wato Asusun Tarayya. Daga kuɗin ma'adinai ana fara ware kashi 13 cikin 100 a miƙa wa jihohin da aka haƙo abin a ƙasarsu. Saura kuma a kasa shi uku: gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 52.68, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kashi 20.60.

Kason jihohi ba a raba shi da ka. Akwai ma'auni biyar. Kashi 40 raba-daidai ne, kowace jiha ta sami abin da 'yar'uwarta ta samu. Kashi 30 ana duba yawan jama'a. Kashi 10 faɗin ƙasa da yanayinta, kashi 10 halin ilimi da lafiya da makamantansu, kashi 10 na ƙarshe kuma ƙoƙarin jiha wajen tara kuɗin shiga na cikin gida.

Ku riƙe lambar farko, kashi 40 ɗin nan, don a nan gizo ke saƙar. Ƙidayar 2006 ta ba Kano mutum miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, Bayelsa miliyan 1.7. Idan jihohin uku suka karɓi kaso iri ɗaya, to abin da ya faɗa kan mutum guda a Bayelsa ya ninka na Bakano fiye da sau biyar, tun kafin a taɓa maganar man fetur. A wannan ɓangare na rabon, Bakano da Bayaraben Ikko jirgi ɗaya ya kwaso su, dukansu an rage musu saboda yawansu. Wanda ya ci riba shi ne wanda aka yanka masa ƙaramar jiha. Wannan ne ya sa neman sabuwar jiha ba ya ƙarewa a ƙasar nan. Daga jihohi 12 a 1967 muka kai 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996, kuma har gobe duk sanda aka buɗe gyaran tsarin mulki sai takardun neman jiha sun cika teburin majalisa. Masu nema sun san lissafinsu sarai.

Haka abin yake a ƙananan hukumomi, sai dai a nan Arewa ce ta fi morewa, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Kano na da 44. Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, na da 27. Tsohuwar Jihar Kano ke nan tana da 71, Legas kuwa 20, Bayelsa 8. Lokacin da Legas ta ƙirƙiro wasu 37 a zamanin gwamna Bola Tinubu, Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumominta, har Kotun Ƙoli ta ce a 2004 shugaban ƙasa ba shi da ikon yin haka, amma sababbin ba su shiga jerin da ke cikin tsarin mulki ba. Duk ɗan Legas da ya san wannan tarihi yana da abin faɗi, kuma ba daidai ba ne mu yi kamar ba mu ji ba.

To ina aka samo wannan tsari? Tun ranar da aka haɗe ƙasar maganar kuɗi ce a gaba. Kafin 1914 gwamnatin Turawa ta Arewa ba ta da tashar jirgin ruwa, kuɗin shigarta ba ya isar ta, sai baitulmalin Ingila ya cike giɓin, Kudu ma ta taimaka. Kudu kuwa tana da kuɗin fito, kuma babban kaso na wannan fito daga barasar da ake shigowa da ita yake fitowa, alhali an hana shigar da ita Arewa. Ɗaya daga cikin dalilan Gwamna Lugga na haɗe ɓangarorin biyu shi ne a sauke wa Ingila wannan nauyi. Saboda haka idan kun ji yau ana gorin cewa muna fasa kwalaben giya amma muna cin harajinta, ku sani gorin ya haura shekara ɗari. Zan dawo kansa.

Daga 1946 aka shiga kafa kwamitoci: Phillipson, sai Hicks da Phillipson a 1951, Chick a 1953, Raisman a 1958, Binns a 1964, Dina a 1968, Aboyade a 1977, Okigbo a 1980. Ba zan bi su ɗaya bayan ɗaya ba, kada barci ya kwashe na baya. Abin lura shi ne matsayin da kowane yanki ya ɗauka. A farkon shekarun 1950 Yamma mai koko ita ce kan gaba wajen cewa a mayar wa kowa abin da ya fito daga ƙasarsa. Gabas, wadda a lokacin ita ce ta baya a kayan fitarwa, ta fi son a duba buƙata. Arewa ta ce a ƙirga kawuna. Da aka tarar da mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, sai ra'ayin Gabas ya juya. Kowa aƙidarsa ta bi aljihunsa, kuma ban ga laifin kowa a nan ba, haka siyasa take. Sai dai ya kamata wannan ya rage mana zafin kai, mu da su, duk lokacin da muke jin cewa matsayinmu na yau gaskiya ce tsantsa tun fil'azal.

Tsarin Raisman, wanda aka shiga 'yanci da shi, ya bar wa yankin da aka haƙo ma'adini rabin kuɗin hayar ƙasa da la'ada, tarayya ta ɗauki kashi 20, kashi 30 ya shiga asusun da ake raba wa kowa. Yaƙin basasa da mulkin soja suka rushe wannan. A 1970 rabin ya koma kashi 45. A 1971 tarayya ta karɓe kuɗin man da ake haƙowa a cikin teku. A 1975 aka sauko kashi 20. A shekarun 1980 abin ya faɗi har kashi 1.5, aka ɗan ɗaga shi zuwa 3 a 1992, sannan Tsarin Mulkin 1999 ya ce kada ya gaza 13. Ku tsaya ku auna: daga 50 zuwa ɗaya da rabi cikin ƙasa da shekara ashirin, a daidai lokacin da mai ke malala a ƙoramun da mutane ke kamun kifi, iskar gas tana ci dare da rana a bayan gidajensu. An rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa takwas a Nuwamban 1995 a kan gwagwarmayar Ogoni. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce share ƙasar Ogoni kaɗai zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Duk ɗan Arewan da ke jin haushin kashi 13, ina ba shi shawara ya karanta wannan rahoto tukuna.

Akwai amsar da muke yawan bayarwa, cewa ai da gyaɗa da auduga da kuza da fata aka riƙe ƙasar kafin mai. Gaskiya ne waɗannan kaya sun biya harajin fitarwa mai yawa, kuma manomin Arewa ya sha matsa a hannun hukumar sayen amfanin gona, wadda ke saye da araha ta sayar da tsada a waje. Amma dalar gyaɗa ta ɓace tun tsakiyar shekarun 1970. Hujja ce mai daɗin faɗi a teburin mai shayi, sai dai ba za ta tsaya mana a teburin rabo ba. Muna da hujjojin da suka fi ta ƙarfi, kuma suna cikin maganar harajin VAT.

An kafa wannan haraji da doka a 1993, ya fara aiki a Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa 7.5 a Fabrairun 2020. Rabonsa daban yake da na Asusun Tarayya. A tsarin da aka daɗe a kai, cikin kowace naira 100 tarayya na ɗaukar 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. A tsakanin jihohi kuma rabi raba-daidai ne, kashi 30 yawan jama'a, kashi 20 inda aka tara harajin. A Agustan 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta yanke wa Jihar Ribas hukuncin cewa hukumar haraji ta ƙasa ba ta da hurumin karɓar VAT. Gwamna Nyesom Wike ya yi dokarsa, Legas ta bi sahu, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kowa ya dakata. A lokacin ne jaridu suka cika da jadawali: ga abin da Legas ta tara, ga ɗan abin da aka mayar mata, ga ɗan abin da Zamfara ko Yobe ta tara, ga abin da ta kwasa.

Lambobin ba ƙarya ba ne, amma ku duba yadda aka same su. Wani manomi a Ƙauran Namoda ya je wajen mai kati ya sa kuɗin waya na naira 1,000. Harajin da ke cikin wannan kira daga aljihunsa ya fita, daga kuɗin waken da ya sayar ranar kasuwa. Amma kamfanin wayar hedikwatarsa na Legas, a can akantocinsa ke haɗa lissafin ƙasa baki ɗaya su biya hukuma, sai a rubuta a littafi cewa Legas ta tara. Haka cajin banki, haka siminti, haka lemon kwalba. Abin da jadawalin ke nunawa shi ne adireshin ofishin kamfani, wanda ya biya kuwa yana iya kasancewa a Gashuwa ko a Argungu.

Na biyu, kayan abinci na yau da kullum ba a ɗora musu VAT, kuma hakan daidai ne saboda talaka. Amma ku lura da abin da ya haifar. Tirelar masara daga Dawanau, shanu daga Potiskum da Maigatari, albasa daga Aliero, tumatir daga Kadawa, duk su sauka a kasuwar Mile 12 da mayankan Legas, ba su bar ko sawu a littafin haraji ba. Abin da Arewa ta fi samarwa shi ne ainihin abin da doka ta yafe. A ƙarshen Fabrairun 2021, da 'yan kasuwar abinci da dabbobi suka tsayar da lodi zuwa Kudu na 'yan kwanaki, farashin tumatir da nama ya tashi nan take a can. Ban goyi bayan tare hanya ba, amma ya nuna abin da jadawali bai nuna ba.

Na uku, mu bi kuɗin bayan an raba. Malamin firamare a Birnin Kudu, tun ashirin ga wata yake tambaya ko an yi zaman Abuja. Ranar da alat ya shigo wayarsa, wurin farko da zai nufa shi ne shagon da ke da littafin bashinsa. Mai shago ya buɗe shafi, ya karanto sukari, taliya, sabulu, madara, man girki, ya soke. Washegari mai shagon ya hau mota zuwa kasuwar Singa a Kano ya yi sari. Dilan Singa kuma ya tura kuɗin ga masana'antun Ikeja da Agbara da Ota, ko ga matatar sukari a Apapa, ko ga mai shigo da kaya ta tashar ruwan Legas. Kafin wata ya zagayo, kaso mai tsoka na abin da aka ce an ba Jigawa ya koma inda ake cewa daga can aka ɗebo shi, ya zama albashin ma'aikacin masana'anta, wanda Jihar Legas ko Ogun za ta cire wa harajin albashi. Domin a Najeriya harajin albashi na jiha ne, ba ya shiga Asusun Tarayya. Galibi da shi ne Legas ta tara sama da naira biliyan 800 na kuɗin shigar cikin gida a 2023, kusan sulusin abin da dukan jihohi da Abuja suka tara, kuma ba ta raba ko kwabo da kowa.

Legas ta yi ƙoƙari wajen gyara hukumar harajinta, ba mai ƙwace mata wannan. Amma ita ce babban birnin ƙasa har Disambar 1991. Tashar Apapa da ta Tin Can, filin jirgin sama na Murtala Muhammed, gadar Third Mainland da aka kammala a 1990, duk da kuɗin tarayya aka yi su. Kamar yadda madatsun Kainji da Shiroro ke ba ƙasa wuta alhali ƙauyukan da ke bakinsu a Jihar Neja ambaliya suke sha. Kasuwa ɗaya ce, kuɗi ɗaya, iyaka ɗaya. Wanda ya ci moriyar sayar wa mutum sama da miliyan 200 kayansa ba tare da biyan fito a Jebba ko Lokoja ba, bai kamata ya kira rabon da ake yi sadaka ba.

Maganar giya kuwa, ba zan kauce mata ba. Idan jiha ta haramta abu bisa addinin mutanenta, haƙƙinta ne. Amma wanda ya tambaye ta dalilin karɓar kaso daga harajin abin da ta haramta bai yi rashin kunya ba. Ni a ganina, da jihohin da ke da dokar shari'a za su ce a lissafa kason su bar shi, da sun rufe bakin masu gori, kuma da sun huta da shubuha. Wannan ra'ayina ne, malamai na nan, su suka fi ni sanin hukuncin dukiyar da ta cakuɗe.

Kun san yadda rigimar VAT ta kaya a baya-bayan nan. A Oktoban 2024 Shugaba Tinubu ya aika wa majalisa ƙudurorin gyaran haraji guda huɗu, waɗanda kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara, ciki har da shawarar a ɗaga kason inda haraji ya fito zuwa kashi 60. Gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Kaduna a ƙarshen watan suka ce ba su yarda ba. Aka yi ta ja-in-ja har gwamnonin ƙasa baki ɗaya suka kawo matsaya a Janairun 2025. Dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta bar VAT a kashi 7.5, ta rage kason tarayya zuwa 10, ta ɗaga na jihohi zuwa 55. A tsakanin jihohi rabi raba-daidai, kashi 20 yawan jama'a, kashi 30 kuma inda aka yi amfani da kayan, ba inda ofishin kamfani yake ba. Ku lura, abin da aka rage shi ne ma'aunin yawan jama'a, daga 30 zuwa 20, raba-daidai kuwa ba a taɓa shi ba. Gwamnoni 36 ne suka zauna, kowa da ƙuri'a ɗaya.

Yanzu bari mu leƙa waje, don kada mu ɗauka mu kaɗai ke wannan faɗa. A Jamus akwai tsarin daidaita kuɗi tsakanin jihohi, kuma a 2023 jihar Bavariya kaɗai ta biya kusan rabin abin da aka raba, birnin Berlin ya fi kowa karɓa. Bavariya ta kai ƙara kotun tsarin mulki a 2023. Abin sha'awa, ita kanta Bavariya mai karɓa ce tun daga 1950 har tsakiyar shekarun 1980, lokacin tana jihar manoma, ta yi amfani da abin da ta samu har ta zama mai bayarwa. A Kanada tsarin ya fara a 1957, aka sa shi cikin tsarin mulki a 1982, kuma lardin Alberta mai arzikin mai ya yi ƙuri'ar raba-gardama a 2021 inda mafi yawan masu zaɓe suka ce a cire shi. Ƙorafin mai bayarwa iri ɗaya ne ko'ina.

Amurka ce na fi so mu tsaya a kanta, domin ita ba ta da wani zaman rabo na wata-wata, amma dukiya tana ƙaura tsakanin jihohinta fiye da yadda ake zato. Gwamnatin tarayya ce ke karɓar babban harajin kuɗin shiga daga hannun mutane, mai samu da yawa ya biya kaso mafi girma. Tun da masu manyan albashi sun taru a jihohi irin su New Jersey da Massachusetts da Niyok da Kalifoniya, daga can kuɗin ya fi fitowa. Wajen kashewa kuma ana bin mutum ne: fanshon tsofaffi, inshorar lafiyar waɗanda suka kai shekara 65, tallafin abinci ga marasa ƙarfi. Jihohin da talakawa da tsofaffi suka fi yawa, irin su Misisifi da West Virginia da Kentucky da New Mexico, sai su tashi da fiye da abin da suka zuba. A shirin lafiyar talakawa na Medicaid, doka ta ce a duba matsakaicin samun mutanen jiha: jiha mai arziki tarayya ta biya mata rabin kuɗin, Misisifi kuwa ana biya mata kusan kashi uku cikin huɗu. Sanata Daniel Patrick Moynihan ya fara fitar da rahoton shekara-shekara tun 1977 yana nuna yadda Niyok ke zuba fiye da abin da take samu. Su ma suna da masu gori.

Ban kawo Amurka don in ce tsarinta ya fi ba, tana da nata ciwon. Na kawo ta ne saboda bambanci guda. A can mafi yawan kuɗin yana bin tsoho da majinyaci da mai ƙaramin ƙarfi duk inda yake. A nan yana bin taswira: jiha nawa, ƙaramar hukuma nawa, murabba'in kilomita nawa. Tsarinmu yana raba kuɗi tsakanin gwamnatoci, daga nan ya wanke hannunsa. Abin da zai faru tsakanin gidan gwamnati da ɗakin haihuwa na ƙauye ba ruwansa.

Ga shaida. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa, wanda ke duba ilimi da lafiya da ruwa da muhalli da aikin yi. Mutum miliyan 133 suka faɗa ciki, kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa. Sakkwato ce ta fi kowace jiha, da kusan kashi 91 na mutanenta. Ondo ce mafi ƙaranci, da kashi 27. Wace ce ta biyu bayan Sakkwato? Bayelsa. Jihar da ke cin raba-daidai da mutane kaɗan, ga kashi 13 na mai a kai, wadda kason kowane mutum nata yana sahun gaba a ƙasar nan. Idan yawan kaso ne maganin talauci, da Bayelsa ta warke tuntuni. Masuncin Bayelsa da manomin Sakkwato an raba kuɗi da sunansu, kowannensu yana jiran ya gani.

Inda tarayya ta yi ƙoƙarin ɗaure kuɗi da buƙata ma, mun ga abin da ya biyo baya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don firamare da ƙaramar sakandare, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta ɗauka. Shekara da shekaru biliyoyin naira suna kwance a hukumar UBEC saboda jihohi ba su kawo nasu ba, ciki har da jihohin da yaransu suka fi gararamba a titi. Kuɗin ƙananan hukumomi kuwa, asusun haɗin gwiwa da jiha ya daɗe yana haɗiye su, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan su kai tsaye. Ku je sakatariyar ƙaramar hukumarku ku tambayi ma'aji abin da ya canja.

Akwai kuma wani rabo da ya taɓa kaiwa ga talakan Arewa kai tsaye, wanda muka rasa ba tare da mun yi dogon magana a kai ba. Tun 1975 akwai asusun daidaita farashin mai, wanda ke biyan kuɗin dakon tanka daga bakin teku zuwa Maiduguri ko Sakkwato don lita ta zo farashi ɗaya. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta rushe hukumar asusun, janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙarasa sauran. Yau ɗan acaɓa a Damaturu yana sayen mai da tsada fiye da mai motar alfarma a Ikoyi. A daidai wannan lokaci kuma abin da gwamnoni ke karɓowa daga Abuja ya ƙaru sosai a lissafin naira. An cire daga aljihun mutum an zuba a asusun gwamnati, kuma shi mutumin bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Me ya sa ba ma tambaya? Ina jin amsar tana da alaƙa da 1979. A shekarar ce gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Dattawan da ke nan sun san abin da ya sa aka yi murna: yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar dagaci, yadda ake sayar da akuyar gida don a biya, yadda Bafillace ke kwana a daji da garkensa don gudun masu ƙirga. Soke shi adalci ne. Amma zamanin da ake biya, baitulmalin En'e na garin yake, kuma talaka ya san da guminsa aka gina asibitin sha-ka-tafi da makarantar elementare. Da kuɗin suka koma zuwa daga Abuja, sai aka fara kallon su kamar ganima, wanda ya samu ya ci rabonsa, wanda aka ɗan yaga wa ya yi godiya. Alhali talaka bai daina biyan haraji ba. Yana biya a katin waya da buhun siminti da litar mai, kawai dai ba a ba shi rasit.

Saboda haka ga roƙona. Ga wakilanmu a majalisa da a hukumar rabon arzikin ƙasa: idan aka sake buɗe maganar ma'auni, ku daina tsayawa kan kare raba-daidai, domin Kano da Katsina da Kaduna asara suke yi a cikinsa. Ku nemi a ƙara nauyin buƙata, a ƙirga yaran da ba sa makaranta da matan da ke mutuwa wajen haihuwa, a kuma ɗaure kuɗin da sakamako, ta yadda jihar da ta rage waɗannan lambobi za a ƙara mata, ba a rage mata ba. A kan wannan za ku sami abokan tafiya a Kudu. Ga hukumomin harajin jihohinmu: tun da kashi 30 na VAT yanzu yana bin inda aka yi amfani da kaya, duk cinikin da ba a rubuta ba a Kantin Kwari ko Singa ko Kasuwar Monday ta Maiduguri kaso ne da za a rubuta wa wata jiha. Ku zauna da 'yan kasuwa, ku fahimtar da su, ku kuma bi kamfanonin waya da bankuna ku ga yadda suke rarraba lissafinsu jiha-jiha.

Ku kuma ɗalibai, Ofishin Akanta-Janar da Hukumar Ƙididdiga suna wallafa abin da kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ta karɓa a kowane wata, kuma yana nan a intanet kyauta. Ku sauke na ƙaramar hukumarku na wata shida, ku rubuta shi da Hausa a takarda ɗaya, ku kai wa limaminku da mai unguwarku da shugabar ƙungiyar matan garinku, sannan ku nemi ganin kansila da takardar a hannu.